La'asar Ɗin Da Na Kira Sunan Isuhu

Da ana mayar da magana cikin baki, akwai guda ɗaya da zan mayar. Ba zagi ba ce, ba kuma ƙarya ba. Sunan mutum na kira a gaban jama'a ranar wata Juma'a cikin azumi, kiran nan kuwa shi ya raba shi da garin nan. Duk wanda ya zauna a unguwar Nasim ta birnin Riyad a wancan zamani ya san zancen, don ba a ɓoye aka yi ba. Abin da ba su taɓa ji daga bakina ba shi ne ban kyauta ba.

Azumin bana ne ya tono mini shi. Watan ya yi zagayensa, ya bi ta cikin zafi, ya dawo ya same mu a ƙarshen sanyi, daidai inda ya same mu shekara talatin da 'yan kai da suka wuce. Yanzu gadi nake yi a wani bene a unguwar Malaz. Ina da ɗaki a ƙarƙashin matakala, da hita, da bargo biyu, matan gidan kuma kan aiko mini da abin buɗa baki har ya yi mini yawa. Shekaranjiya aka yi ruwa da la'asar, warin jiƙaƙƙen siminti ya taso daga ginin da ake yi kusa da mu. Wasu samari biyu 'yan ƙasarmu masu kai abinci gidaje suka fake a wurina, suna ta gardama kan yadda jam'iyyarsu a gida za ta fitar da ɗan takara. Wannan ya ce a yi ƙato bayan ƙato, wancan ya ce a bar kowa ya jefa ƙuri'arsa a asirce. Suka ce, "Baba, raba mana gardama." Na ce musu ruwa ya tsagaita, su je kada abincin mutane ya huce. Karatuna bai yi nisa ba, amma abin da na kasa faɗa musu zan iya rubutawa.

Sunana Sule, daga wani ƙauye a ƙasar Kano. A lokacin magini ne ni. Muna zaune a ƙarshen Nasim, inda gari ya tsaya rairayi ya ɗauka, a wani dogon ɗaki mai rufin kwano. Inda muke ɗin nan yau duk benaye ne da shaguna, ko ni ba na gane wurin. Abokin aikina shi ne Isuhu, mutumin Damagaram, siriri, mai yawan raha. Shi ke kwaɓa mini siminti ya miƙo bulo, ni ina jerawa. Ya bar mata da 'ya'ya a gida, damina kuma ta ƙi su a shekarar, abin da yake aikawa shi ne tuwonsu.

Mu 'yan aikin yini ne. Kowa yana da ikama, wato takardar zama, da sunan wani Balarabe a kanta a matsayin kafil, wato ubangidan da ya tsaya maka, amma akasarinmu ba su taɓa ganin kafil ɗinsu ido da ido ba. Alhaji Garba ne tsani. Ya daɗe a ƙasar, yana da motocin ɗaukar yashi, Larabci a bakinsa kamar a nan aka haife shi. Idan ikamarka ta kusa ƙarewa, shi za ka kai wa, ya san inda zai kai ta. Ta Isuhu a hannunsa take bi. Ni kuwa Allah ya haɗa ni da wani tsohon Balarabe da na taɓa gina wa katanga, kai tsaye nake zuwa wurinsa.

Sanyin Riyad ba irin na gida ba ne. Ba ya tsayawa a fata. Da sahur sai ka ga ruwan tanki ya yi sanyin da in ka yi alwala yatsunka ba sa lanƙwasuwa. Mu sha shayi da tamis, burodin nan mai faɗi na tanda, mu yi asuba, mu fita bakin titi mu tsaya jiran a-kori-kurar 'yan kwangila. Wanda aka ɗauka ya gode Allah. Hannuwa duk sun tsage, siminti ya shiga tsagar ya yi ta ci kamar barkono. Isuhu kan naɗe yatsunsa da tsumman buhu, ya ce ya sa safar hannu irin ta Turawa.

Azumi bai yi nisa ba ruwa ya sauko. Farko mun yi murna, don ya kwantar da iska. Sai ya ƙi ɗaukewa. Yau ruwa, gobe ƙanƙara, jibi hadari ya rufe gari tun safe. Titunan Nasim suka zama rafi, ramukan harsashin gini suka cika. Ba mai zuba kankare cikin ruwa, saboda haka motoci suka daina zuwa. Mu tsaya a bakin titi har hantsi, ruwa na bin wuyan riga, mu dawo hannu rabbana. Ba aiki, ba yaumiyya, wato ladan yini. Rufin ɗakinmu ya kama yoyo, muka jera tukwane da kwanoni a ƙasa, katifu suka jiƙe suna wari.

Da farko muna tuƙa tuwon samid, wato tsakin alkama, da sauran kukar da wani alhaji ya kawo mana. Girki bi da bi muke yi, yau kai gobe wani. Mai ya ƙare, muka ci gaba da miya ba mai. Kuka ta ƙare. Mai bakala, wato ɗan kantin unguwa, ya fara kau da kai in ya hango mu. Daga nan sai masallatai. Kafin magariba mu rarrabu, kowa ya nufi inda ya ji ana shimfiɗa ledar buɗa baki. Ka samu dabino da nonon da suke kira laban da ɗan kofin miya, in ka yi sa'a da shinkafa. Ka ci rabin dabinon, ka zuba rabi a aljihu, shi ne sahur ɗinka. Mutum ya kan wayi gari da jiri, ya tashi tsaye sai ya dafa bango. Na ga manyan ƙarti suna kwance da rana sun rufa da buhun siminti, ba barci suke ba, motsi ne ba sa so ya ƙara musu yunwa.

Cikin wannan hali ne maganar shugabanci ta taso. Muna da wata ƙungiya ta taimakon juna, mu baƙi daga ƙasashenmu: Hausawa, Barebari, Yarbawa, Zabarmawa. Shugabanta shi ke tsayawa in an yi rasuwa, shi ke bin wanda aka tsare, shi ke raba rigima. Wanda ke kai ya tsufa ya koma gida. Aka ce bayan Sallah kowane ɓangare ya kawo mutum ɗaya a zaɓa. Mu Hausawa mun fi kowa yawa, wanda duk muka tsayar ya riga ya ci. Ke nan ainihin zaɓen a cikin gidanmu yake.

Mutum biyu suka fito. Alhaji Garba, da Malam Habu, wani tela mai shago a unguwar Ulaisha. Malam Habu ba shi da mota, amma shi ke wanke mana gawa, shi ke rufe shago ya kwana biyu yana zirga-zirgar asibiti a kan wanda bai haɗa komai da shi ba.

Bayan sallar Juma'a aka zauna a kan yadda za a fitar da ɗaya. Mutanen Alhaji suka ce dattawa su shiga ɗaki su yi maslaha, su fito mana da suna. Ni na miƙe na ce ba mu yarda ba. Na ce dattawan nan rabinsu a motar Alhaji suka zo. Na ce a yi abin da muke ji a rediyo ana yi a gida, ƙato bayan ƙato, kowa ya tsaya bayan gwaninsa rana tsaka, a ƙirga a gaban kowa, ba maguɗi ba cuwa-cuwa. Wuri ya ɗauki kabbara. Nan take aka ce ni ne alƙalin zaɓe. Na koma ɗaki ina jin kaina kamar na ƙwato wa talaka 'yanci, kuma har zuciyata haka na ɗauka.

Na tarar da Isuhu yana juye ruwan yoyo daga tukunya. Ya ce, "Bakano, na ji an naɗa ka sarki. Wannan layin naka yaushe ne?"

Na ce, "Juma'a mai zuwa, bayan la'asar."

"To direbobin gida fa? Ka taɓa ganin direban gida da la'asar cikin azumi? Uwar ɗakinsa na kasuwa, shi yana riƙe da leda. Masu gadi fa? Waɗanda ke daji da raƙuma fa?"

"Wanda abin ya dama zai zo."

Ya ce, "Ga shawara. A samo babban gwangwanin madara, a liƙe murfin, a huda shi. Ƙwallon dabino na Malam Habu, tsakuwa ta Alhaji. Mutum ya dunƙule hannunsa ya saka, ba wanda ya san abin da ya saka. A yi mako ana zagawa da shi, har wurin direbobi."

Na yi dariya. "Wa zai riƙe gwangwanin? Ai wanda ya kwana da shi ya kwana da zaɓen. Cikin azumi, a garin da ƙwallon dabino ya fi mutane yawa!"

'Yan ɗaki suka fashe da dariya. Har yau ban ce maganata ba ta da kai ba, gwangwani ma ana iya cutarsa. Isuhu ya ce a ba mutum uku su riƙa yawo da shi tare, ɗaya na Alhaji, ɗaya na Malam, ɗaya liman, da dare a kulle a masallaci.

Na ce, "Ku mutanen Damagaram komai sai a ƙudundune."

Ya ce, "Ku Kanawa kuwa ko asirin mahaifiyarku ne sai kun kasa shi a faifai a kasuwa."

Aka sake dariya. Da sauran suka fita neman masallaci sai ya matso kusa da ni, ya rage murya. "Sule, bar wasa. Ikamata bayan Sallah take ƙarewa, ka san hannun da take bi. Ka kuma san wanda ya wanke ƙanena ya sa shi a rami lokacin da bango ya faɗo masa. In ka sa ni a layi, can na ci amana, nan na ci wuta."

Na ce masa, "Namiji ba ya tsoron a ga inda ya tsaya."

Ya miƙe. Ya mayar da tukunyar ƙarƙashin yoyon.

Ba a taro a titi a ƙasar nan, sai a cikin katanga. Alhaji ne ya kama mana istiraha, irin filin shaƙatawar nan da ake haya a bayan gari, ya kuma ce buɗa bakin ranar a wuyansa. Ban ga aibin haka ba. Motocinsa ne suka zo har ƙofar ɗakinmu suka kwashe mu, yaransa na leƙawa ciki suna cewa, "Yalla, ku fito, ba wanda zai zauna." Ko rashin zuwa ma a ranar magana ce.

Ruwa ya ɗauke, amma iska na kaɗawa mai yanka kunne, filin duk taɓo. A gefen gabas an girke manyan tukwane a kan gas, shinkafar kabsa da naman rago, tururi na tashi iska na kawo mana shi har cikin hanci. Mutanen da suka yi makonni suna sahur da dabinon aljihu suka tsaya suna haɗiyar yawu da azumi a bakinsu. Alhaji ya je ya tsaya ta wajen tukwanen nan cikin farar jallabiya da rigar sanyi mai gashi. Malam Habu ya tsaya ta yamma, da tsohuwar kwat ɗinsa. Na duba, direbobi ba su zo ba sai ɗaya ko biyu. Masu gadi babu. Su ne kuwa suka fi cin moriyar Malam Habu.

Na ɗaga murya na ce kowa ya bi gwaninsa. Na ga abin da ban zata ba. Mutanen da jiya-jiya suke cewa in ba Malam Habu ba sai rijiya, sai ga su suna jan ƙafa zuwa gabas, kai a sunkuye, ba mai duban ɗan'uwansa. Alhaji na tsaye a gaban layinsa. Juyowa kawai ya yi yana kallon masu shigowa layinsa ɗaya bayan ɗaya, yana gyaɗa kai. Layinsa ya yi tsawo har ya lanƙwasa. Na Malam Habu kuwa ko inuwar katanga bai wuce ba.

Isuhu bai shiga ko ɗaya ba. Ya je wurin famfo ya tsuguna yana wanke ƙafa, a hankali, yana cuɗa tsakanin yatsu cikin wannan ruwa mai sanyi. Na gan shi, na kuma gane abin da yake yi. Da na kau da kai da shi ke nan. Sai wani yaron Alhaji ya raɗa mini, "Alƙali, ga wani can zai ɓata maka tsari." Ni kuma tsarin nan nawa ne, ina so a ce ba a taɓa yin zaɓe mai tsabta irinsa ba.

Na ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Isuhu ɗan Damagaram! Ƙafar nan ta fita haka nan. Ba a tsayawa a tsakiya, zo ka kama layi!"

Aka yi dariya, duk fili ya juya gare shi. Ya rufe famfon. Ya sa silifas ɗinsa, ya goge hannu a riga, ya tako cikin taɓon har tsakiyar fili. Ya ɗan tsaya. Sai ya juya yamma.

Ina kusa, na ji Malam Habu yana ce masa ƙasa-ƙasa, "Isuhu, koma can. Wallahi na yafe maka. Kana da iyali."

Ya ce, "Malam, ai an riga an gani."

Alhaji ya yi murmushi ya ce, "Masha Allah."

Na bi layi ina dafa kafaɗu ina ƙirgawa. Na zo kan Isuhu, na dafa shi, na ƙirga na wuce. Alhaji ya ci da ratar da ko an ninka layin Malam Habu ba zai kamo shi ba. Tsayuwar Isuhu ba ta ƙara wa kowa komai ba, ba ta rage ba. Aka kira magariba, aka sauke tukwane, muka ci har da waɗanda suka faɗi, don yunwa ba ta san fushi ba. Mutane suna ta sa mini albarka, wai an yi zaɓe ba maguɗi. Gaskiya ne kuwa, ko mutum ɗaya ban ƙara ba.

Bayan Sallah gari ya buɗe, rana ta fito da ƙarfinta, motocin 'yan kwangila suka dawo. Alhaji ya zama shugaban ƙungiya. Isuhu ya kai masa ikama. Aka ce bukra, wato gobe. Ya koma, aka ce kafil ya yi tafiya. Na ce masa ya je ya durƙusa ya ba da haƙuri. Ya je, aka bar shi zaune a ƙofar gida cikin rana har azahar. Sai na je da kaina.

Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, a dubi Allah a dubi 'ya'yan bawan Allahn nan."

Ya zuba mini shayi da hannunsa. Ya ce, "Malam Sule, ni na ce a yi layi? Ni maslaha na nema, don kada a ga fuskar kowa. Kai ka ce kowa ya nuna inda yake. To ya nuna. Ya je wurin telansa ya ɗinka masa ikama."

Malam Habu ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya bi Larabawan da yake wa ɗinki, amma ba a canja kafil sai da yardar na farko, na farkon kuwa Alhaji kaɗai ya san ƙofarsa. Na roƙi nawa tsohon, ya ɗaga hannuwa ya ce ba yadda zai yi. Ikamar ta mutu. Isuhu ya koma zaman ɗaki, kwano na gasa shi da rana, mu muna fita aiki muna kawo masa abin da ya samu. Sai saƙo ya zo ta bakin wani ɗan garinsu cewa gidansa sun fara cin dusa. Washegari ya riga ni fita bakin titi. Ranar ce kuwa Allah ya ƙaddara masu duba takardu suka tsaya a wurin, ba shi da abin nunawa.

Na samu ganinsa sau ɗaya a tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu. Na kai masa jakarsa. Akwai waya tsakaninmu, ga hayaniyar mutane, sai da muka manna fuska. Ya rame, an aske masa kai. Na fara ba shi haƙuri a kan Alhaji, ina cewa Allah zai saka masa.

Ya ce, "Bar Alhaji, shi halinsa ya yi. Bakano, tambaya ɗaya nake ta juyawa a nan ciki. Ranar nan, kai bayan wa ka tsaya?"

Na ce, "Ni ai alƙali ne. Alƙali ba ya shiga layi."

Ya dube ni ya ɗan yi murmushi, irin na raharsa ta da. Ya ce, "To."

Mai tsaro ya buga ƙofa ya ce lokaci ya yi. Ya ɗauki jakarsa ya shige.

Ban sake ganinsa ba. Na aika saƙo sau da yawa, ba amsa. Daga baya wani mutumin wajensu ya ce mini bai daɗe a gida ba ya bi motocin da ke ƙetara sahara neman aiki, tun daga nan iyalinsa ba su ƙara jin ɗuriyarsa ba. Alhaji ya yi shugabancinsa, ba zan ce bai yi wa mutane alheri ba, ya binne gawawwaki da yawa da aljihunsa. Shi da Malam Habu duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu.

Ni ba masani ba ne, ban san hanyar da ba a iya cuta a cikinta ba. Amma ku da za ku karanta wannan, in wata rana aka ɗora muku tsara yadda za a fitar da mutum, ko a jam'iyya ko a ƙungiyar unguwa, ina roƙonku don Allah ku fara tambaya wa ba zai iya zuwa ba a lokacin da kuka sa, wa kuma abincinsa ke hannun ɗan takara. In kun ga wani ya raɓe gefe, ku bar shi. Kada ku kira sunansa.